Yelimane: Garin da Asusun 'Ya'yansa Ya Raya

'Yan'uwa masu karatun wannan fili, a wannan mako za mu kai ku wani gari ne na ƙasar Mali mai suna Yelimane, domin mun ga wani abu a can wanda ya kamata 'yan kasuwarmu da ma'aikatanmu su ji labarinsa.

Shi Yelimane yana cikin jihar Kayes ne, arewa maso yammacin Mali, dab da iyakar Muritaniya. Mun tashi daga Bamako da rani a shekarar 2018, muka yi tafiyar kimanin kilomita 600 zuwa birnin Kayes da ke bakin kogin Sanagal, wanda ke cikin garuruwan da suka fi zafi a Afirka duka. Kusa da shi ne ganuwar Madina take, wadda Alhaji Umaru Futi ya yi wa ƙawanya a 1857, watau malamin nan da ya zauna shekaru a Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello har ya auri 'yarsa. Daga Kayes muka nufi arewa maso gabas, ƙasa tana ta ƙara bushewa, ba abin da ido ke gani sai ƙaya da busassun ƙoramu.

Yawancin mutanen wannan yanki Soninke ne, waɗanda wasu ke kira Sarakole. Kakanninsu ne suka kafa daular Gana ta dā, kuma tun fil azal fatake ne masu nisan zango. Danginsu ne Wangarawan nan da tarihin Kano ya ce sun zo da Musulunci a zamanin Sarki Yaji. Saboda haka ba mu ji baƙunta ba sosai: ga makarantar allo, ga tsofaffi a inuwar masallaci suna jan carbi, ga mata suna daka gero.

Abin da ya ba mu mamaki shi ne, a ƙauyuka da dama na wannan ƙasa mai fari mun iske masallacin Juma'a na siminti mai doguwar hasumiya, da tankin ruwa bisa ƙafafun ƙarfe, da ɗakin shan magani haɗe da na haihuwa, da azuzuwan makaranta. Duk inda muka tambayi wanda ya gina, amsar kusan ɗaya ce: 'ya'yan gari ne da ke Faransa.

To, ga yadda abin ya samo asali. Bayan samun mulkin kai a 1960, masana'antun Faransa suna neman leburori, sai samarin wannan yanki suka yi ta kwarara can. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970, da wanda ya biyo baya a 1984, suka ƙara ingiza su. Aikin da suka samu kuwa shi ne sharar titi, da leburancin gini, da wanke kwanuka a gidajen abinci. Aka zaunar da su a gidajen kwanan ma'aikata, mutum da yawa a ɗaki guda. Mafi shahara cikin waɗannan gidaje shi ne na titin Bara a garin Montreuil, gabas da Paris, wanda tsohuwar masana'anta ce aka mayar wurin kwana a 1968. Sai da ya yi shekara hamsin kafin a fara kwashe mutanensa a 2018 saboda lalacewarsa.

A cikin wannan ƙunci ne mutanen kowane ƙauye suka kafa asusu nasu. Kowane mai aiki yana zuba abin da aka yanka masa wata-wata, dattijo yana riƙe da kuɗi, wani yana riƙe da littafi, wanda ya yi jinkiri ba dalili a ci shi tara. Da fari asusun na taimakon marar lafiya ne da wanda ya rasa aiki, da kuma mayar da gawa gida. Da kuɗi ya taru sai suka fara da gina masallatai. Daga nan suka shiga haƙa rijiyoyi da gina asibiti da makaranta, har da kantunan haɗin kai, inda mutum zai biya kuɗin shinkafa da sukari da mai yana Faransa, iyalinsa su karɓa a ƙauye. A watan Oktoba na 1981 Faransa ta yi dokar da ta ba baƙi 'yancin kafa ƙungiyoyi, sai asusan nan suka zama ƙungiyoyi masu rajista, waɗanda ke iya ƙulla yarjejeniya da hukuma.

Sa'an nan ne abokan tarayya suka zo. A 1985, zamanin magajin gari Jean-Pierre Brard, garin Montreuil ya ƙulla abota da gundumar Yelimane, saboda yawan 'ya'yanta da ke zaune cikinsa. Daga baya, a shekarun 2000, aka kafa shirin raya gundumar mai suna PADDY, wanda Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa hannu a ciki, har aka kawo gwanayen noman shinkafa daga Biyetnam, ana neman hanyar tare ruwan damina domin noma. Abin lura a nan shi ne, Turawan nan ba su tarar da masu miƙa ƙoƙon bara ba. Sun tarar da mutane masu asusu da littafi da amana, waɗanda ke ajiye nasu kason tukuna kafin su nemi a cika musu.

Amfanin wannan ya bayyana a watan Nuwamba na 2022, sa'ad da dangantaka ta ɓaci tsakanin ƙasashen biyu. Faransa ta dakatar da taimakon raya ƙasa da take bai wa Mali, ita kuma Mali ta hana aikin ƙungiyoyin da Faransa ke ba kuɗi. Ayyukan da suka dogara da kuɗin hukumomin Faransa suka shiga wani hali, amma abin da ɗan gari ke aika wa garinsu bai yanke ba. Da ma Hausawa sun ce zanin aro ba ya rufe katara.

Kada dai mu ɓoye ɗacin abin. Mun ga ƙauyukan da maza majiya ƙarfi suka yi ƙaranci, da matan da ke shekaru ba su ga mazajensu ba. Tun da Faransa ta rufe ƙofar ɗaukar leburori a 1974 hanya ta yi wuya, kuma a 'yan shekarun nan samarin jihar Kayes da yawa sun halaka a hamada da teku. Ba ƙaura muke yabo ba. Abin da muke yabo shi ne yadda mai sharar titi ya iya ɗauke ƙishirwar ƙauye guda.

Wannan kuwa koyarwar addininmu ce. Sayyidina Usmanu ɗan Affan ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi, Sa'adu ɗan Ubada kuma ya haƙa rijiya sadaka ga mahaifiyarsa bayan rasuwarta, da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna masa falalar shayar da ruwa.

To, ina mu? Mu ma muna da ƙungiyoyin ci gaban gari a Kano da Kaduna da Legas da Abuja. Amma sau nawa muke tara jama'a gidauniya, a kira babban baƙo, a yi alkawarin miliyoyi gaban maroƙa, shekara ta zagayo ba a ga ko tubali ba? Ɗan kasuwa ya san ciniki ba ya tafiya sai da littafi, ma'aikaci kuma ya san ranar da albashinsa ke shiga. Abin da ya rage shi ne a yanka wa kowa kaɗan wanda zai iya, a zuba kowane wata, a damƙa wa amintacce, a karanta lissafi gaban jama'a, a fara da aiki guda a gama shi. Da yayyafi kogi kan cika. Wanda kuma ya yi alkawari a bainar jama'a bai cika ba, ya sani bashi ne a wuyansa har gaban Allah.

Allah Ya ba mu ikon tuna garuruwan da suka haife mu, Ya zaunar da ƙasar Mali da tamu lafiya, amin.