Piza a injin gashi na kan tebur: rigimar duk da ruwa ce



Akwai wani baƙo da ya shigo gidajenmu shekarun nan ba tare da sallama ba, wato ƙaramin injin gashin nan na kuran da ake ɗorawa kan tebur. Wata a kayan ɗakinta ya zo, wani tsarabar tafiya aka yi masa, wani kuma cikin kayan gwanjo ya tsince shi. A gasa kaza sau ɗaya ko biyu, daga nan sai a mayar da shi kwali a ɗora bisa kabad, ya zama kayan ado. A gefe guda ga yara sun ga piza a waya sun tasa mu gaba. Duk wanda ya taɓa kai iyali gidan abinci a Yamai don su ci piza ya san lissafin: abin da za a biya don kowa ya ɗanɗana yanka biyu ya isa cefanen gida na kwanaki. Shi ya sa mu a gidanmu muka sauko da injin daga bisa kabad, muka ce shi ma ya yi aikin da zai biya kuɗinsa.

Kukan da muka fi ji daga waɗanda suka gwada guda ɗaya ne: sama ya ƙone, tsakiya ɗanye, ƙasa kuma lagwab kamar burodin da ya kwana cikin miya. Sai a ɗora wa injin laifi, ko a ce garin ne ba shi da kyau. A ganinmu yawanci ba nan gizo ke saƙa ba.

Bari mu ɗan leƙa gidan masu abin. Piza ƴar birnin Napoli ce a kudancin Italiya, kuma asalinta abincin talaka ce, ta ƴan dako da masu aikin tashar jirgin ruwa, ana sayar da ita a bakin titi kamar yadda muke sayen ƙosai. Tumatirin da ake shafa mata ma ba ɗan ƙasa ba ne, daga nahiyar Amurka ya shiga Turai a ƙarni na 16. Mutanen Napoli sun riƙe sana'ar da daraja, har a 1984 suka kafa ƙungiyar da ta rubuta ƙa'idojin piza ta gaskiya, a 2017 kuma UNESCO ta sa gwanintar masu yin ta cikin al'adun gado na duniya. A ƙa'idarsu tanderun itace ake amfani da shi, zafinsa ya haura digiri 430, piza ba ta wuce daƙiƙa 90 a ciki. Minti ɗaya da rabi ke nan. Namu injin na kan tebur kuwa, in ya yi ƙoƙari ƙwarai ya kai digiri 230 zuwa 260. Rabin zafin ke nan da ɗan ɗoriya. To kun ga wanda ya kwaikwayi abin da ya gani a bidiyon ɗan Napoli, ya zuba a injin da ba shi da wannan wutar, ya ɗauko wa jaki kayan raƙumi.

Wani abin ma da ba a cika faɗa ba: pizar Napoli ba mai ƙaras-ƙaras ba ce. Laushi gare ta, har ninke ta ake yi gida huɗu a ci a tsaye. Mai ƙaras ɗin ta birnin Roma ce, wadda ake murzawa siririya, a sa ɗan mai a kwaɓin, a gasa da wutar da ba ta kai ta Napoli ba, ta kuma ɗan daɗe a ciki. Ita ce ta dace da injinmu, ita za mu bi.

Dalilin kuwa mai sauƙi ne, duk wadda ta taɓa suyar masa ta san shi ko da ba ta karanta a littafi ba. Ruwa yana tafasa a digiri 100, kuma muddin fuskar kwaɓi da danshi, zafinta ba zai wuce nan ba komai wutar da ke ƙarƙashi. Shi kuwa jan nan da ƙamshin da muke nema ba ya farawa sosai sai wajen digiri 140 zuwa sama. Dole ruwan ya fita tukuna kafin gashi ya fara. Tanderun Napoli yana korar ruwan cikin ƙiftawar ido. Injinmu a hankali yake korar sa, don haka duk cokalin ruwan da muka ƙara a kai, ko na tumatir ko na albasa ko na cuku, bashi ne da ƙasan piza zai biya.

Kwaɓin da muke yi ga shi. Garin alkama rabin kilo, ruwa mililita 300, gishiri ƙaramin cokali biyu, yis ƙaramin cokali ɗaya, mai babban cokali biyu, da ɗan sukari kaɗan don ya taimaka wajen yin ja. Man zaitun ne na asali, amma man gyaɗarmu yana yi sarai, ba sai an shiga babban kanti ba. A murza minti goma har ya daina kama hannu. Kada a yi shi ruwa-ruwa irin na fanke ko finkaso, ya fi kusa da na gurasa. A raba gida biyar, a mulmula, a rufe.

Nan ne yanayinmu ke shigowa, kuma littafin Bature ba zai gaya maku ba. Shi in ya ce a bar kwaɓi awa biyu, ɗakinsa mai sanyi yake nufi. Mu a watan Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, kwaɓi kan tashi kafin awa ta cika, in aka bar shi ya zarce ya yi tsami ya saki jiki. Sai a rage yis zuwa rabi, a kwaɓa da ruwan randa mai sanyi. Mai firigo kuwa ya kwaɓa yau ya gasa gobe, wannan kwanan cikin sanyi yana ƙara ɗanɗano, kuma kwaɓin ya fi yarda a murza shi ba ya komawa. Lokacin hunturu matsalar daban ce, iska ke busar da fuskarsa ta yi ɓawo, sai a shafa mai a rufe da leda ko kwano.

A murza siriri, kaurinsa kada ya wuce na kwalin sukari, faɗinsa daidai cikin injin. A tsattsaga da cokali mai yatsu don kada ya kumbura kamar balo. Sannan babban sirrin: ba a ɗora komai a kai tukuna. A kunna injin ya yi minti goma a ƙarshen zafinsa, a shafa wa kwaɓin mai sama-sama, a gasa shi tsirara minti uku ko huɗu har ya yi zane-zanen ƙarfe. A fito da shi a juya. Wannan gefen da ya gasu shi za a shafa wa tumatir, domin ya riga ya yi ɓawon da ruwa ba zai ratsa ba, ɗanyen gefen kuma ya koma ƙasa ya fuskanci wuta. Minti huɗu ko biyar, an gama.

Injinan iri biyu ne, a duba. Akwai mai faranti biyu sama da ƙasa da ke matse abu a tsakiya. Shi a zagayen farko a rufe shi ruf, a zagaye na biyu kuwa kada farantin sama ya taɓa cuku, in ba haka ba wanke-wanke ya same ku. Wasu suna da maƙalin da ke tsayar da murfin, in babu a tokare shi da ɗan abin da ba ya narkewa ya tsaya kamar yatsa biyu a sama. Ɗayan kuma mai zurfi ne, wutarsa a murfi take da fanka mai hura zafi. Shi sama yake fara cinyewa, don haka gashin farko ya fi muhimmanci a gare shi, har a gasa gefe biyun kafin a ɗora kaya.

Yanzu kayan sama, inda muka fi yin ɓarna saboda karamci. Mu mutane ne da in mun zuba miya muke so ta malale, mai rowar miya ba ta da suna mai kyau a unguwa. To a piza rowa ita ce daidai. Babban cokali biyu na tumatir ya isa guda. Kuma ba ɗanyen markaɗe ba, a dafa shi da tafarnuwa da gishiri har ya tsotse ya yi kauri, in an ja cokali a tukunya hanya ta tsaya. Na gwangwani yana yi. Wanda ya fi ba mu mamaki shi ne kauɗa: a jiƙa kaɗan a daka a haɗa da na gwangwani, ɗanɗano ya ninka, ruwa kuma babu, tun da rana ta riga ta yi mana aikin. Albasa, ai ba ma roƙon kowa, ta Galmi har ƙasashen gaɓar teku ake lodinta. Sai dai ɗanya ruwa ce zalla, a yanka siriri a barbaɗa gishiri a matse, ko a ɗan soya. Tattasai ma haka. Nama kuwa dafaffe ko gasasshe kawai, don minti biyar ba zai dafa ɗanye ba. Ragowar balangu ko tsire ya fi komai daɗi a kai. Kilishi yana saurin ƙonewa, a yayyage shi a sa ƙarƙashin cuku, ko a barbaɗa bayan an sauke.

Cuku shi ne inda kuɗin ke tafiya. Mozarela, wanda ke jan zare in an ɗaga yanka, daga waje ake kawo shi, sai cikin sanyi yake tafiya, kuma tun da hanyar Kwatano ta toshe a 2023 kayan waje suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, kowa ya ji a aljihunsa. In za a saya a nemi mai tauri da ake gurzawa, ba mai taushin nan da ke cikin ruwa ba, wanda fiye da rabinsa ruwa ne. Tafin hannu ɗaya ya isa piza guda.

Sau da yawa ana tambayarmu, to namu cukun fa, na makiyayan Abalak da sauran arewacin Tawa? Gaskiya ɗaya ce: ba ya narkewa. Busasshe ne, don a ci da shayi ko a daka a fura aka yi shi, duk wanda ya ce maku zai ja zare yana so ne ya faranta maku. Amma ba a nan amfaninsa yake ba. A daka shi ya yi gari a barbaɗa kan ɗan mozarela kaɗan, sai ya ba da ƙamshi da ɗanɗanon da na wajen ba shi da su, ga shi ba ya kawo ko ɗigon ruwa. Da haka muke rage na kanti zuwa rabi. Su ma Italiyawan haka suke yi da nasu busasshen cukun. In babu mozarela sam, cukun nan mai hoton saniya tana dariya, a gutsuttsura a jera, yara ba sa ƙorafi.

Sai maganar kuran, wadda ba wasa ba ce. Kafin a jona kowane inji a juya shi a karanta rubutun da ke ƙasa. Na Amurka 120 ne ƙarfinsu, namu kuran 220 ne, wanda ya jona kai tsaye ya yi bankwana da kuɗinsa cikin hayaƙi. A kayan gwanjo aka fi cin karo da wannan. Sannan injinan nan suna jan wat 1500 zuwa 2000, wato mai 2000 yana shan kusan amfiya 9 shi kaɗai. In mitar gidanku ƙarama ce, ga firigo ga dutsen guga, za ta katse. A jona shi a bango kai tsaye, ban da siririyar wayar ƙarin nan mai arha da ke ɗaukar zafi har ta narke. Shan kuran ɗin kansa ba abin tsoro ba ne, inji mai wat 1800 in ya yi minti 40 bai wuce kilowat-awa ɗaya da ɗigo biyu ba.

Kuma mun san halin da ake ciki. Ba mu manta watan Agustan 2023 ba, da aka yanke layin da ke kawo mana kuran daga Najeriya, watanni ana zaman duhu. Ko ba wannan ba, lokacin zafi ɗaukewar kuran ba baƙon abu ba ne. Shi ya sa duk ranar da za mu kwaɓa, kasko mai kauri da murfinsa suna kusa. In an ɗauke a tsakiyar aiki, a ɗora kasko kan gas ko gawayi, a bi wannan tsarin dai: a gasa tsirara, a juya, a ɗora kaya, a rufe, a zuba ɗan garwashi bisa murfin yadda iyayenmu ke gasa gato. Mu faɗi ra'ayinmu ma ƙarara, wanda ba shi da injin kada ya ci bashi ya saya don piza. Kaskon yana yi, wani lokacin ƙasansa har ya fi ƙaras. Injin dai ya fi shi tsafta da rashin hayaƙi, kuma zafinsa ba ya hawa da sauka.

In an sauke, kada a yanka a cikin injin, wuƙa tana kankare baƙin shafen nan da ke hana kamu. Kada kuma a dire ta kan faranti nan take, tururin da ke fita ta ƙasa zai koma ciki. A ɗora kan raga ko wayar gashi minti biyu ta sha iska.

Sai kula. Mun saba in an gama girki a zuba na maigida a kula a rufe har ya dawo daga masallaci ko kasuwa, kuma ga tuwo da shinkafa wannan ladabi ne. Piza kuwa minti goma a kula ya isa ya mayar da duk wahalar nan lagwab. Abin da muke yi shi ne mu gasa gindin duka biyar tsirara tun da la'asar mu jera su a buɗe, tumatir da albasa da cuku kowanne a kwanonsa. Yara su ci nasu bayan magariba. Shi kuma in an ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida sai a kunna injin, kafin ya wanke hannu ya zauna tasa ta fito.