Kirsimetin Baƙo

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Babu shakka duk wanda ya taɓa zama a baƙon wuri ya san gaskiyar wannan magana, amma a ganina ba a sanin ɗacinta sosai sai ranar biki, domin kuwa a sauran ranaku aiki yana ɗauke wa mutum hankali. Ranar salla ce kaɗai take zaunar da baƙo, ta sa shi ya ƙirga mutanen da ba sa kusa da shi.

Masu aikin bishara sun daɗe da sanin wannan. Alal misali, samari uku da suka kafa mishan ɗin da aka fi sani da SIM, wato Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, sun sauka a Ikko ranar 4 ga Disamba 1893, saura mako uku Kirsimeti. Kafin wata Kirsimetin ta zagayo, Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida, duk a cikin 1894. Ashe bikin farko da suka yi bayan saukarsu shi ne na ƙarshe ga biyu daga cikinsu. Mishan ɗin nan ce ta shiga Damagaram a 1924, ta kuma buɗe asibitin Galmi a 1950, kuma ta wannan hanya da suka share ne ƙungiyar bishara ta ikilisiyarmu ta tura ni wani ƙauye a ƙasar Maraɗi, ina saurayi, ban kai shekara ashirin da biyar ba.

Ni mutumin Kagoro ne, inda Kirsimeti take kamar kasuwa ta ci. Tun tsakiyar wata 'yan gari suke dawowa daga Kaduna da Jos da Ikko, tela ba ya barci, maza su haɗa kuɗi a yi watanda, mata su duƙufa suyar cincin. Da dare mawaƙa su bi gida-gida da fitilu, da safe zumuntar mata su cika majami'a da kiɗan tulu, ba a gama hutawa ba sai bikin Afan ya iso ranar 1 ga Janairu.

A ƙauyen da aka kai ni kuwa, mu biyar ne Kirista: wani dattijo da matarsa, da samari biyu, sai ni. Aikina shi ne koyar da karatu da yamma, da wanke wa mutane gyambo, da jagorantar sujada ranar Lahadi a wata rumfar zana. Mutanen garin sun san 18 ga Disamba, ranar da Nijar ta zama jamhuriya a 1958. Ita kuwa 25 ga wata, wadda 'yan lakwal suke kira Nowel, rana ce kamar kowace, mata su yi daka, maza su tafi garka. Babu waya a lokacin, wasiƙa kuma sai an sami direban da zai bi ta Jibiya. Na so ƙwarai in tafi gida, sai dai in na tafi, mutum huɗu za su wayi gari babu mai karanta musu labarin haihuwar Almasihu.

Sujadarmu ta ranar ba ta kai awa guda ba. Hunturu yana kaɗa zana, na karanta sura ta biyu ta Linjilar Luka, wadda na sani tun ina yaro, amma ranar ce na fara lura cewa labarin baƙi ne tun daga farkonsa har ƙarshe. Yusufu da Maryamu ƙidaya ce ta raba su da Nazarat, a Baitalami ba su sami masauki ba, waɗanda suka fara zuwa barka kuma makiyaya ne da ba su haɗa dangi da su ba.

Abin da ya fi damuna shi ne abinci. A gidanmu ba a cewa an yi Kirsimeti sai yara sun gaji da kai kwanuka gidajen maƙwabta, Kirista da Musulmi, kamar yadda su ma suke aiko mana da naman layya. Na sayi zabi biyu da tiyar shinkafa, na kai wa limamin unguwa ya yanka, yadda muke yi a gida domin kowa ya ci hankali kwance. Matar dattijon nan ta dafa, aka zuba a kwano shida, aka ba yara. Na zauna a ƙofar ɗaki gabana yana faɗuwa, ina tunanin yadda zan ji in aka dawo mini da su ba a taɓa ba.

Kafin la'asar kwanukan suka fara dawowa, kuma babu wanda ya dawo wayam. Wani da gyaɗa, wani da ƙwan zabi, wani da dabino. Can sai ga maigidan da ya ba ni ɗaki, yarinya na biye da shi da ƙwaryar fura, ko hura kamar yadda suke faɗa. Ya ce, "Malam, ashe yau sallarku ce ba ka hwaɗi ba? Barka da salla." Na durƙusa na ce, "Barka kadai, Baba." Ya zauna a tabarma, ya tambayi mahaifiyata da ƙannena ɗaya bayan ɗaya, bai tashi ba sai da aka kira magariba.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa wannan ya kawar da kewa. Da dare ya yi, na tuna da kiɗan tulu, na yi hawaye. Haka kuma Baba bai taɓa shiga rumfarmu ba har na bar garin, ni ma ban bi shi masallaci ba. Kowa ya san inda ɗan'uwansa ya tsaya. Abin da na samu shi ne wannan: mai bishara yana fita da tunanin shi ne mai bayarwa, magani da karatu da wa'azi duk daga hannunsa suke fitowa. Ranar biki ta mayar da ni mai karɓa, kuma daga ranar ne garin ya daina yi mini kallon ma'aikaci, ya fara yi mini kallon maƙwabci.

Abin baƙin ciki, wannan al'ada ta sha wuya. Rikicin Kafanchan na 1987, da na Zangon Kataf na 1992, da na Kaduna na 2000, sun raba unguwanni, har aka wayi gari a Kaduna yawancin Kirista suna kudu da kogi, Musulmi suna arewa. A Nijar ma an ƙona majami'u a Damagaram da Yamai cikin Janairun 2015. In maƙwabci ya yi nisa, yaro ba zai iya kai kwano ba, yaron da ya tashi bai taɓa cin abincin sallar wasu ba kuwa, da sauƙi a gaya masa ƙarya a kansu ya yarda.

Saboda haka, duk wanda yake da baƙo a unguwarsu, ɗan bautar ƙasa ne ko malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti, ya binciki ranar sallarsa, ya leƙa shi, domin zumunta a ƙafa take. Allah Ya mayar da kowane matafiyi gida lafiya, Ya kuma zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.