Ɗan Daji a Tsakar Gida: Tunani a kan Kiwon Dingo



A ƙasar Ostireliya akwai wata dabba da ake kira dingo. Wanda ya hange shi daga nesa zai rantse irin karnukan ƙauyukanmu ne: ja-ja, kunnuwa a tsaye, ciki a ɗame, nauyinsa bai cika wuce kilo 20 ba. Kakanninsa sun isa ƙasar daga nahiyar Asiya fiye da shekara 3,000 da suka wuce, suka faɗa daji, suka ci gaba da rayuwa ba ubangida. Yana kama zomo, yana kayar da kangaru, in kuwa ya sami garken tumaki, sai abin da Allah ya tsare. Saboda ɓarnarsa ne makiyaya suka ja shingen waya mai tsawon kusan kilomita 5,600, wato tafiyar Yamai zuwa Damagaram sau shida.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, yanzu hotunan wannan dabba suna yawo a salular yaranmu. Sai ka ga an rungume ɗan dingo kamar jariri, an kwantar da shi a gado, yara suna kallo suna sha'awa. Hoton minti ɗaya ba ya nuna wahalar shekara 15, domin dingo kan kai haka in yana tsare a hannun mutane. Na ga ya dace mu tattauna abin da hoton ya ɓoye.

Na tashi a gidan liman, kuma cikin tambayoyin da na fi jin ana kawo wa mahaifina a zaure akwai ta kare. Amsarsa ba ta canzawa, ita ce dai wadda muka karanta a Risala ta Ibn Abi Zaid: an yarda a riƙe kare saboda gona, ko kiwo, ko farautar neman abinci. Da muka kai babin farauta, malaminmu ya bayyana mana siffar karen da aka hora, wanda Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da ya kamo. Alamarsa ita ce in an tura shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Da na girma na karanta halin dingo, sai na ga wannan ma'auni na malaman fiƙihu shi ne ya fi fito da matsalar fili. Dingo yana da kaifin hankali, yana gane abin da kake so, amma shi ke zaɓen lokacin da zai yi biyayya. In ya ga abin farauta ya zabura, kiran ubangida ba lalle ya dawo da shi ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Wahala ta farko ita ce tsare shi. Yana tona ƙarƙashin katanga, yana hawan shinge kamar kyanwa, kuma wuyan ƙafarsa na gaba yana juyawa fiye da na kare, har yakan buɗe sakata. In ya fita, kajin maƙwabta da tumakinsu ne za su fara biya, daga nan sai rigima tsakanin gidaje. Ba ya yawan haushi, sai dai kuka mai tsawo da dare, saboda haka ko gadin da ake nema wurin kare ba za a samu yadda ake so ba.

Ta biyu ita ce ciyarwa. Karen gida ya daɗe yana cin ragowar tuwon mutane, har jikinsa ya saba da narkar da hatsi. Binciken ƙwayoyin halittar dingo da aka wallafa a 2022 ya tabbatar da cewa shi bai tara wannan baiwa ba, a nan ya fi kusa da kyarkeci. Abincinsa nama ne da ƙashi, kullum. Mai iyali ya lissafa da kansa.

Ta uku ita ce halinsa. Karyar gida takan yi ciki sau biyu a shekara, dingo kuwa sau ɗaya, kuma lokacin barbararsa yana faɗowa tsakanin watan Maris da Yuni. A watannin nan wanda aka sani da natsuwa yakan zama mai faɗa, mai neman hanyar gudu. Ga shi kuma yakan shaƙu da mutum ɗaya ko gida ɗaya, yana ƙyamar baƙo. Ranar da maigida ya gaji, ko ya ƙaura, da wuya dabbar ta yarda da sabon hannu. Shi ya sa wuraren kula da dingo a can suke yawan karɓar waɗanda masu su suka kasa riƙewa.

Hukumomin ƙasar su kansu ba su zama baki ɗaya ba. A jihohin Kwinsland da Tasmaniya an hana mutum ajiye dingo a gida. A Biktoriya sai da lasisi da keji wanda ba zai iya tserewa daga ciki ba. A Niyu Saut Wels kuwa ana ɗaukarsa kamar sauran karnukan gida. Dabba ɗaya, dokoki iri-iri, wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya dakata.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne batun yara. A watan Agusta na 1980, kusa da dutsen Uluru, dingo ya shiga tanti ya ɗauke jaririya ƴar mako tara mai suna Azaria. Uwarta, Lindy Chamberlain, ta faɗi gaskiya ba a yarda ba. A 1982 aka yanke mata ɗaurin rai da rai bisa zargin kashe ƴarta, aka sake ta a 1986 bayan an tsinci rigar jaririyar, aka wanke ta a 1988. Sai a 2012 hukuma ta rubuta a takarda cewa dingo ne ya yi kisan. Haka kuma a 2001, a tsibirin K'gari, wanda a da ake kira Fraser, dingo suka kashe yaro ɗan shekara tara. Gaskiya ne waɗannan ba dabbobin gida ba ne, amma sun saba da mutane, suna samun abinci a wuraren da ƴan yawon buɗe ido ke sauka, har tsoron ɗan Adam ya fita daga zukatansu. Shi ya sa ake cin tara mai nauyi ga wanda ya ciyar da su a tsibirin. To, in sabon da aka yi a bakin tanti ya kai ga haka, ina ga tsakar gidan da yara ke rarrafe?

Ƴan asalin Ostireliya, waɗanda suka fi kowa sanin wannan dabba, sun bi wata hanya mai hikima. Sukan ɗauko ƴaƴan dingo daga rami su rena, su ji ɗuminsu a daren sanyi, amma in sun balaga, galibinsu sukan koma daji su hayayyafa, ba a ɗaure su. Mu ma muna da abin tunawa a nan. Gardin da ke wasa da kura ya shekara da shekaru tare da ita, amma ba ya shiga kasuwa da ita sai da takunkumi da sarƙa. Ya san hali zanen dutse ne.

Akwai kuma haƙƙin dabbar kanta. Dukanmu mun san hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Dabbar da Allah ya halitta tana cin dogon zango kowane dare, a kulle ta a ɗan fili don a burge abokai, ina tsoron tambayar da za a yi wa mai ita gobe ƙiyama.

Da wuya wani cikinmu ya taɓa riƙe dingo. Amma ɗan biri, da ɗan dila, da sauran ƴaƴan namun daji da ake kawowa gari ana talla, su kam muna ganinsu, kuma yaranmu suna roƙon a saya musu. Duk sanda haka ta taso, maigida da uwargida su tambayi kansu abu uku: me zai ci, ina zai zauna in ya girma, kuma wa zai ɗauki alhakin ranar da ya ciji ɗan maƙwabci? In amsa ta gagara, a bar ɗan daji ga uwarsa.

Allah ya tsare mana zuriyarmu, ya ba mu ikon riƙe amanar duk abin da ya sanya a hannunmu. Wassalamu alaikum.