Taga Biyu, Harshe Ɗaya: Ajami da Boko a Fuskar Kwamfuta

Duk ɗalibin Hausa da ya taɓa juya rubutun ajami zuwa boko ya san cewa wahalar aikin ba a karatu kaɗai ta tsaya ba. Ido ne ke ta kai da kawowa tsakanin takardu biyu, ɗaya ta faro daga dama, ɗayar kuwa daga hagu, kafin mutum ya ankara ya tsallake baiti guda ko ya maimaita wani. Manufata a wannan maƙala ita ce in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai yadda wata daɗaɗɗiyar manhajar rubutu mai suna Vim ta sauƙaƙa mini wannan aiki, da kuma darasin da na tsinta a ciki game da matsayin harshenmu a cikin na'urorin zamani.

Ni haifaffen Kakuri ne, a kudancin kogin Kaduna. Kundin da nake shiryawa na neman digiri ya ta'allaƙa ne a kan waɗansu waƙoƙin ajami da kakana ya bari cikin gafaka. Takardun sun tsufa ƙwarai, gara ta ci gefen waɗansu, kuma ba mu san inda wani kwafi nasu yake ba. Da na haye gada na ga irin adanar da ake yi wa rubuce-rubucen hannu a Gidan Arewa, watau cibiyar binciken tarihi da aka kafa a 1970 ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, sai na ƙudura in buga waƙoƙin nan da ajaminsu, sa'an nan in jera bokonsu a gefe, domin mai nazari ya iya gwada fassarata da asalinta. Abin aikina kuwa wata tsohuwar kwamfuta ce wadda linzaminta ya mutu. Wani yayana mai gyaran kwamfuta ne ya ɗora mata Linux, ya kuma nuna mini Vim, wadda ba ta bukatar linzami ko kaɗan.

Asalin wannan manhaja wata ce da ake kira vi, wadda Bill Joy ya rubuta a 1976 yana ɗalibi a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili a Amurka. Na'urar da ya yi aiki da ita an zana kibiyoyi a kan maɓallanta na h, j, k da l. Shi ya sa har yau da waɗannan haruffa ake matsawa hagu, ƙasa, sama da dama. A 1991 wani mutumin Holan, Bram Moolenaar, ya fitar da Vim, ya ci gaba da kula da ita har rasuwarsa a watan Agusta na 2023. Raba fuska zuwa tagogi sama da ƙasa ya shigo a 1994, rabawa gefe da gefe kuwa sai a 2001, tare da fitowa ta 6.0. Kyauta ake samunta, ba ta kuma yi wa tsohuwar na'ura nauyi.

To, mene ne taga a nan? Taga wani yanki ne na fuskar kwamfuta wanda ta cikinsa ake leƙa rubutu. In mutum ya buga umurnin :split, fuskar za ta rabu sama da ƙasa. In kuwa :vsplit ya buga, sai ta tsage biyu, hagu da dama. Ana tsallakawa daga wata taga zuwa wata ta danna Ctrl da w, sa'an nan a bi da ɗaya daga haruffan nan huɗu. Haka zalika in aka bi su da alamar = tagogin za su daidaita girmansu, umurnin :only kuma ya rufe sauran ya bar guda. Ni nakan ajiye boko a hagu, ajami a dama. Ta haka kowane rubutu ya faro daga ɓangaren da ya saba, baitin ajami da na boko su taho su yi kiciɓis a layin tsakiya. In na kunna scrollbind a tagogin biyu, sai su riƙa tafiya tare, baiti na arba'in yana fuskantar ɗan'uwansa na arba'in.

Sai dai a nan ne mai koyo ya kamata ya natsu. Vim tana da saiti mai suna arabic, wanda ke juya rubutu ya faro daga dama, ya kuma mai da maɓallai na Larabci. Hanyoyin kunna shi biyu ne, kuma ba ɗaya suke ba. Wanda ya ce :set arabic ya juya tagar da yake ciki, ya kuma bar wasiyya cewa duk sabon fayil da aka buɗe daga wannan taga haka za a yi masa. Sai ka ga boko ya fito a birkice yana tafiya da baya. Wanda kuwa ya ce :setlocal arabic, hukuncinsa ya tsaya a kan abin da ke gabansa kawai. Ajami ya bi hanyarsa, boko ya bi tasa, ba wanda ya tilasta wa wani. Lalle wannan ɗan bambanci ya daɗe yana ba ni tunani, domin mu Hausawa mun saba jin ana gardamar wanne ya fi tsakanin rubutun nan biyu, alhali ga na'ura ta nuna cewa fuska ɗaya tana iya ɗaukarsu duka, in dai an ba kowanne dokar da ta dace da shi.

Saitin da mutum ke so ya dawwama kuwa a wani ɗan fayil ake rubuta shi mai suna .vimrc, wanda manhajar ke karantawa duk lokacin da aka buɗe ta. Wannan ya kan tuna mini da sana'ar mahaifina. Kakuri unguwar masaƙu ce tun da aka buɗe kamfanin KTL a 1957, kafin a rufe shi a 2002, kuma Baba ya yi shekaru yana saita injin saƙa a ɗaya daga masaƙun unguwar. Yakan gaya mana cewa kyawun yadi tun daga ɗaurin zare ake gane shi, wanda ya yi wa saiti garaje kuwa zai kwana yana ƙulla zaren da ya tsinke. Nawa fayil ɗin layuka kaɗan ne. Na farko set encoding=utf-8, domin haruffa su adanu yadda suke. Na biyu set splitright, domin sabuwar taga ta buɗe a dama, inda ajami zai zauna. Sauran kuwa na haruffa masu lanƙwasa ne. Alal misali, layin inoremap ;k ƙ yana nufin in na buga waƙafi mai ɗigo na bi shi da k, sai ƙ ta fito. Haka na yi wa ɓ da ɗ da manyansu, har da ƴ saboda rubutun 'yan'uwanmu na Nijar.

Kada mai karatu ya ɗauki wannan ƙaramin abu ne. A zamanin tafireta, da biro ake bin takarda ana sa wa haruffa lanƙwasa bayan an gama bugu. Yanzu kuwa yawancinmu mun daina damuwa, muna rubuta baki inda muke nufin baƙi, kafa a wurin ƙafa, dauri a wurin ɗauri. A zancen waya ma'ana takan fito daga yanayin magana. Amma a cikin waƙar da mai ita ya riga mu gidan gaskiya, wa za a tambaya? Bugu da ƙari, in ɗalibi yana neman duk inda wata kalma ta zo a cikin baitoci ɗari biyu, na'ura abin da aka rubuta kaɗai za ta nemo masa.

Ba na cewa manhajar ba ta da naƙasa. Makon farko na koyonta akwai ɗaure kai, kuma waɗansu haruffan da malamanmu suka ƙara wa ajami ba sa haɗuwa da maƙwabtansu yadda alƙalami ke haɗa su, domin don Larabci aka yi tsarin tun asali. Amma tana da wani alheri ga mazauna irin unguwanninmu. In wuta ta ɗauke ana tsakar aiki, umurnin vim -r yakan dawo da yawancin abin da ba a kai ga adanawa ba, :mksession kuma yana ajiye tsarin tagogi kamar yadda aka bar su.

Daga ƙarshe, kirana ga ɗaliban wannan sashe shi ne, kada mu zauna jiran ranar da masu ƙera na'ura za su tuna da Hausa. Waɗanda suka yi Vim ba su san ƙ ba, amma sun bar ƙofa a buɗe ga duk mai son gyara kayan aiki ya dace da harshensa. Zai kyautu sashenmu ya tsara fayil ɗin saiti guda, wanda malamai za su duba su amince da shi, a riƙa ba kowane ɗalibi mai aikin rubutun hannu. Gafakoki irin ta kakana suna nan da yawa a gidaje daga Makera zuwa Barnawa, gara kuwa ba ta jiran kowa ya shirya.