Ba Kowane Zance Ake Kaiwa Kasuwa Ba

Duk wanda ya lura da tsarin gidan Bahaushe zai gane cewa magabata ba su yi wasa da sha'anin sirri ba. Baƙo iyakarsa zaure, aminin maigida ya kai shigifa, tsakar gida kuwa sai ɗan gida da wanda aka yarje masa. Haka zance ma yake hawa-hawa: akwai na kasuwa, akwai na zaure, akwai wanda ba ya ƙetare ƙofar ɗaki.

To, sai ga zamani ya zo da wayar hannu da intanet, katangar nan ta fara zubewa. Mutumin da ba zai gaya wa maƙwabcinsa ranar tafiyarsa ba, shi ne zai ɗora hoton tikitin jirginsa a Facebook. Gobe ya nuna sabuwar motarsa da lambarta, jibi ya nuna 'ya'yansa sanye da kayan makarantarsu. Kowane ɗaya ƙaramin abu ne, amma mugu mai haƙuri yakan tsince su ya harhaɗa, har ya san gidan, ya san mai gidan, ya san sa'ad da ba ya nan.

A watan Yulin 2012 wasu samari suka yaudari wata ɗalibar jami'a da suka ƙulla abota da ita a Facebook, suka jawo ta Legas da sunan harkar kasuwanci, suka kashe ta a wani otal a unguwar Festac. A 2017 babbar kotun Legas ta yanke wa biyu daga cikinsu hukuncin kisa, amma hukunci ba ya maido da rai. Masu dukiya da 'yan gadi ma ba su tsira ba. A watan Oktoban 2016 'yan fashi suka ɗaure shahararriyar Ba'amurkiyar nan Kim Kardashian a masaukinta a birnin Paris, suka kwashe mata kayan ado na miliyoyin daloli, bayan ta yi ta nuna zobenta na lu'ulu'u da wuraren da take zuwa.

Har ila yau, akwai masu kwasar bayanai ba da bindiga ba. A 2018 aka bankaɗo cewa kamfanin Cambridge Analytica ya sami bayanan mutane kimanin miliyan 87 masu amfani da Facebook, akasarinsu ba da saninsu ba, kuma a 2019 hukumar Amurka ta ci Facebook tarar dala biliyan 5. A Nijeriya an sanya hannu kan dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin 2023. Doka abar yabo ce, sai dai ba ta iya tsare wanda ya miƙa lambar BVN tasa da hannunsa ga wani mai alkawarin tallafi.

Wani abin dubawa kuma shi ne, ba kowane sirrin da ke hannun mutum ne nasa ba. Majiyyacin da aka ɗauki hotonsa a gadon asibiti, da jaririn da bai san an haife shi ba, da matar da aka baza saƙonninta bayan aure ya mutu, duk ba a nemi yardarsu ba. Magana zarar bunu ce. Ko mai ita ya goge, wani ya riga ya adana.

Saboda haka ma'aunin ba mai wuya ba ne. Kafin mutum ya aika da wani abu, ya tambayi kansa ko zai yarda ya tsaya a tashar mota ya faɗe shi da ƙarfi, masoyi da maƙiyi suna ji. In ba zai yarda ba, to ya bar shi a ciki, domin ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.