Wa zai lura ba ka zo ba?

Kwana biyu kun ji ni shiru, to wata gardama ce da muka yi da wani ɗan garinmu a Agege ta dawo da ni. Cewa ya yi, mutum ya je sujada ranar Lahadi, ya ba da baiko, me kuma zai kai shi taron addu'a na gida ranar Laraba bayan ya sha cunkoson Legas? Ban ga laifinsa ba, domin ni ma da haka nake tunani.

A Kaltungo na tashi, inda kowa ya san kowa. Mahaifiyata 'yar Zumuntar Mata ce, kuma a lokacin na ɗauka aikinsu bai wuce anko da kiɗan tulu ba. Ban lura cewa su ne ke fara isa gidan haihuwa, su ne kuma ke kwana a gidan makoki ba.

Da na zo Legas a 2016 sai na shiga wata babbar majami'a, sujada kashi uku kowace Lahadi. Abin ya yi mini daɗi, ba mai tambayarka komai. Wata dattijuwa Bayarabiya, wadda ta girma a Sabon Garin Kano, Hausa a bakinta kamar jakin Kano, ita ta matsa mini sai da na fara zuwa taron da ake yi a falonta. Mu goma sha ɗaya ne, har da Ibo da Tibi. Don kunyarta kawai nake zuwa.

A 2018 taifot ta kwantar da ni, Lahadi uku ban je sujada ba. A cikin dubban mutanen nan ba wanda ya lura, kuma ban zarge su ba, fasto ɗaya ba zai iya ƙirga mu ba. Amma tun Larabar farko sai ga bugun ƙofa.

"Ɗana, ina ka shiga?"

"Mama, zazzaɓi ne kawai."

"Zazzaɓi kawai, ka rame haka? Tashi mu je."

Su suka kai ni asibiti, suka haɗa kuɗin magani, suka raba kwanakin kawo abinci a tsakaninsu. Da aka kulle Legas a ƙarshen Maris na 2020, majami'u suka kasance a rufe har watan Agusta, ta waya muka riƙa yin addu'a, muka kuma san gidan da garin rogo ya ƙare.

Abin ba sabo ba ne. A Fitowa sura 18 surukin Musa ya ba shi shawara ya raba jama'a har zuwa goma-goma, don kada nauyi ya kashe shi. A Romawa sura 16 Bulus ya gai da ikilisiyar da ke taruwa a gidan Akila da matarsa. A 1742 a garin Bristol na Ingila, mabiyan John Wesley sun kasa kansu sha biyu-sha biyu don tara kwabo ɗaya kowane mako su biya bashin gini. Masu karɓar kwabon da suka riƙa shiga gidaje sai suka fara ganin halin da mutane ke ciki, daga nan tsarin ya koma na kula da juna.

Ba na ce babu matsala ba. Na ga ƙungiyar da ta koma dandalin gulma, na ga wadda ta zama taron ƙabila. Idan abin da ka faɗa don a yi maka addu'a ya riga ka isa kasuwa, an ci amana.

Duk da haka ga amsar da na ba ɗan garin namu. Wa'azin Lahadi kan ce mu ƙaunaci juna, amma ba za ka iya ɗaukar nauyin wanda ba ka san sunansa ba. Mu da muka baro gida, ba gwaggo ba kawu a kusa, zumunta a ƙafa take.

Mama ta tsufa yanzu, taron ya dawo ɗakina. Jiya wani matashi bai zo ba, anjima zan je in buga masa ƙofa.