Abin da Busassun Ganyaye Suka Koya Mini

Na yi shekaru ina tsinko ganye da fure a dajin Garki da gefen gonakinta, ina danne su tsakanin tsofaffin jaridu da katako biyu. In sun bushe, sai in liƙa su a takarda mai kauri in kai ma'adanar busassun tsirrai, wadda malaman jami'a ke kira habariyom.

1. Samfurin da ba shi da bayani ciyawa ce. Duk sabon shiga, kyan reshe ne ke ɗauke masa hankali, ni ma haka na faro. Na kai wa wani dattijon ma'aikacin ma'adana rassan da na sha wahalar busarwa, ya ce, "Malam, a ina ka tsinko? Wace rana? A jigawa ko a fadama? Wane launi furen yake da shi tun yana ɗanye?" Ko ɗaya ban rubuta ba. Ya miƙo mini kayana a hankali. Launin fure yana gushewa, ƙamshi ma haka, tsawon bishiya kuwa ba ya shiga takarda. Abin da ba a rubuta a gindin bishiyar ba, ya tafi ke nan.

2. Tsiro ba ya jiran ranar da ka shirya. Gawo yana kaɗe ganyensa da damina, lokacin da sauran itatuwa ke kore shar. Mai son furensa da 'ya'yansa sai ya dawo bayan ruwa ya ɗauke. Ciyayin damina kuma, in ba a sauya musu jarida kullum ba, funfuna ce ke cinye su.

3. A tabbatar da tsiro kafin a yabi maganinsa. Kalgo iri biyu ne a ƙasar Hausa, masu kama da juna, kuma mai sassaƙe a kasuwa ba lallai ya bambance maka ba. Shi ya sa ɗalibin da ke binciken magani a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko ta Bayero a Kano yake fara kai tsironsa ma'adana, a gwada shi da na ajiye, a ba shi lamba. Da wannan lambar wani zai iya zuwa bayan shekaru ya duba ainihin abin da aka jiƙa, aka tace, aka ba ɓeraye. Ina ganin binciken da ba shi da ita bai cancanci a gina lafiyar mutum a kansa ba.

4. Abin da ka ajiye, wanda ba ka sani ba zai amfana. Wani likitan Turawa, Dalziel, ya tara tsirrai a Katagum da Sakkwato, ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, da wani kan amfaninsu a Afirka ta Yamma a 1937. Samfuransa suna nan a ma'adanar Kew ta Landan, cikin wajen miliyan 7 da ke can, kuma irin waɗannan tsofaffin ganyaye yau har ƙwayoyin halitta ake cirowa daga jikinsu, abin da bai taɓa zato ba. Sai dai manoma da makiyaya da masu maganin da suka nuna masa tsirran, ba kasafai sunansu ke kan takarda ba. Wannan yana yi mini ciwo, don haka duk wanda ya raka ni daji nakan nemi izininsa in rubuta shi. Najeriya tana da babbar ma'adana a Ibadan tun 1942, amma daga Garki zuwa can tafiya ce. Ga shi kuma gonakin riɗi da zoɓo suna faɗaɗa, gatarin masu itace ba ya hutawa, dattawa kuma suna nuna mini filayen da a da kanya da ɗorawa suka cika. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, ba su da nisa da wannan daji. Burina su bi shi ƙauye-ƙauye da jarida da katako tun waɗannan dattawan suna da ƙarfin yi musu rakiya.